Mota mai ƙarfin gudu da lasin tuƙi: tambayoyin da mutanen Zariya suka fi yi mini

Na daɗe ina koyar da tuƙi a Sabon Garin Zariya, kafin nan kuma na yi jigila tsakanin Zariya da Kano har na haddace ramukan hanyar kamar lungunan unguwarmu. Tun da aka sabunta titin Kaduna zuwa Zariya zuwa Kano ya zama sumul, maganar gudu ta dawo bakin mutane. Duk ranar da wani yaro ya kifar da motar babansa wajen kai amarya, sai tambayar nan ta taso a majalisa: shin bai kamata mai tuƙa irin waɗannan motoci ya riƙe wani lasin na daban ba? Ga tambayoyin da ɗalibai da iyayensu da abokan hira suka fi jefo mini, da abin da na saba gaya musu.

Malam, wace mota ce ma ake kira mai ƙarfin gudu? Ai kowace mota tana gudu.

Gaskiyarka. Tsohuwar Golf da ke lodin Funtuwa ma idan aka ba ta wuta a miƙaƙƙiyar hanya za ta haura 140. Inda aka rabu shi ne wajen tashi: daƙiƙa nawa mota ke ci daga tsaye ta kai kilomita 100 a awa. Corolla tana cin kamar daƙiƙa goma. Marsandi C63 ba ta cika biyar. A cikin Corolla, idan ƙafarka ta zarce a kan totur, injin zai yi kuka ya gargaɗe ka, ka sami sararin ɗagawa. A ɗayar kuwa, kafin ka gane ka taka da yawa ka riga ka shige bayan keken da ke gabanka.

Masu tsara doka a ƙasashen da suka damu da abin ba sa duba sunan mota ko tsadarta. Ƙarfin injin suke ɗauka su raba da nauyin motar. Bari mu yi lissafin da ƙarfin doki, tunda shi kunnenmu ya saba da shi. Corolla mai injin 1.8 tana da doki 130 ko sama da haka kaɗan, nauyinta tan ɗaya da 'yan kai, kowane tan ya tashi da doki ɗari da ɗoriya ke nan. Camry mai silinda shida, wadda ake ce wa Muscle, dokinta 268, kowane tan kusan 170. C63 mai doki 451 ta haura 250 a tan. G63 da manya ke shiga biki da ita tana da doki 577, amma da yake ta kai tan biyu da rabi sai ta tsaya wajen 230. Lamborghini Huracán tana wajen 400.

A lura da Camry ɗin nan. Motar iyali muke ɗaukarta, ta kai yara makaranta, ta kai Hajiya kasuwar Sabon Gari, alhali ta ninka Fijo 504 da iyayenmu suka yi taƙama da ita ƙarfi kusan sau uku.

A yanzu akwai dokar da ta raba lasin mai babbar mota da na mai ƙarama a Najeriya?

Babu. An kasa lasinmu aji-aji ne bisa irin abin hawa da nauyinsa da aikin da ake yi da shi: A na babur, B na motar gida da ba ta kai tan uku ba, F na tarakta da injinan noma, G na tirela, H na katafila da danginta, J na masu buƙata ta musamman, sai azuzuwan da ke tsakani na 'yan haya da manyan motoci. Ba inda aka ambaci ƙarfin injin. Ɗan shekara 18 da ya karɓi ajin B da safe, doka ta yarje masa ya ja Picanto da rana, ya ja Ferrari da yamma.

Iyakar gudu ce kaɗai ta haɗa kowa. Motar gida 50 a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen titi irin na Kaduna zuwa Kano. Wato duk motar da ke garin nan, ko ta wane ce, rabin malejinta ko fiye haramun ne a kanta.

Akwai ƙasar da ta taɓa yin irin wannan lasin?

Akwai, kuma hanya biyu aka bi.

Ta farko ita ce ta jihar Kudancin Ostireliya. A 2019 wata Lamborghini ta ƙwace wa direbanta a birnin Adelaide, ta hau gefen titi ta kashe wata yarinya 'yar shekara 15 da ke tafiya a ƙasa. Iyayenta suka yi ta fafutuka har aka taɓa doka. Daga 1 ga Disamba 2024, duk mai tuƙa motar da ta kai kilowat 276 a kowane tan, wato kamar doki 370, sai ya riƙe lasin ajin U. Sun kuma mayar da kashe na'urorin da ke taimaka wa irin wannan mota riƙe ƙasa laifi. Sai dai kwas ɗin ta intanet ake yin sa, ba a fita fili a ga hannun mutum, kuma a ganina nan ne gurguwar ƙafarsa. Ga shi kuma sun ɗaga ma'aunin sama ƙwarai: da C63 da G63 duk ba su shiga ba. Idan aka kwafo wannan doka yadda take aka kawo Zariya, ban ga wanda za ta kama tsakanin PZ da Samaru ba.

Hanya ta biyu ba ruwanta da motocin attajirai, sabon direba take kallo. A Italiya, tun Disamba 2024, wanda ya karɓi lasin sai ya shekara uku bai tuƙa motar da ta wuce kilowat 75 a tan ba, injin kuma kada ya haura kilowat 105, kamar doki 140. Jihohin Victoria da New South Wales a Ostireliya sun hana masu lasin gwaji motar da ta wuce kilowat 130 a tan, kusan doki 175, dab da inda Camry ɗinmu ta tsaya. A babura kuwa Turai ta daɗe da yin matakala: A1 na ƙananan babura masu 125cc, A2 na waɗanda ba su wuce kilowat 35 ba, sannan cikakken ajin A, wanda sai mutum ya ƙara shekaru ko ya yi zama a matakin da ke ƙasa.

To kai Malam, ina ka tsaya?

Ina bayan hanya ta biyu. Duk wanda ya tashi a gidan da ake kiwon doki a cikin Birni ya san ba a ɗora yaro a kan ingarma ranar hawan Daushe don kawai ya iya riƙe linzami. Da mai sanyin hali ake fara masa, a bayan gida, barga na kallo. Sai ya sha faɗuwa a inda faɗuwa ba ta kisa, cinyarsa ta kama, sannan a ba shi dokin da ke tsayuwa da ƙafa biyu idan ya ji ƙarar bindiga. Ba wanda ya taɓa cewa an tauye wa yaron haƙƙi. Mun san wannan hikima a kan doki ɗaya, muka manta da ita a kan doki ɗari uku.

Da za a tambaye ni, shekara biyun farko na lasin a tsayar da mutum a kan motar da ba ta wuce doki 150 ba. Wannan ya ɗauki Corolla da Civic da Golf da 406, ba wanda zai rasa abin zuwa aiki. Wanda ya cika shekara biyu ba tare da wani babban laifin hanya ba, kuma yana son ya hau sama, ya je a gwada shi a fili, da irin motar da yake son tuƙawa, a buga masa ƙarin aji a kan katinsa. Ba ma sai an je nesa neman inda za a yi ba. Ga Cibiyar Fasahar Sufuri ta Ƙasa, NITT, a hanyar Basawa tun 1986, horar da ma'aikatan sufuri shi ne aikinta.

Amma ai ba Lamborghini ke kashe mutane a hanyar Kano ba. Sharon ce da Hummer da tirela. Wannan ba an bar jaki ana dukan taiki ba ne?

Wannan ita ce suka mafi nauyi, kuma ba zan yi musu da rabinta ba. Na yi haya, na san abin da ke cika asibitin Shika: direban da ya kwana bai runtsa ba yana son ya yi sawu uku kafin magariba, bas mai kujera 14 da aka ɗura wa mutum 20, tsohuwar taya a zafin Afrilu, tirelar da ta mutu a tsakiyar titi da dare aka jera mata ganye, mai bin hannun da ba nasa ba don ya guje wa zagaye. Ƙarin lasin mai motar alfarma ba zai taɓa ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Duk wanda ya ce maka zai rage mace-macen hanya da rabi, kasuwa yake ci da kai.

Sai dai akwai wani rukunin gawa da na gaji da raka wa makabarta, kuma kusan labarinsu iri ɗaya ne: saurayi, sabon hannu, motar gida mai ƙarfi, abokai uku a ciki, titin Sakkwato ko hanyar Kaduna bayan isha'i. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin hanya na cin ran mutum kusan miliyan 1.19 a shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe 'yan shekara 5 zuwa 29. Matakalar lasin domin wannan rukuni take. Maganin ciwon ido ba ya warkar da ciwon ciki, amma ba a jefar da shi don haka.

Motar zamani ai ta fi birki, ta fi riƙe ƙasa, ga balan-balan na kariya ta ko'ina. Ba ta fi tsohuwa aminci ba?

Ta fi, idan gudunsu ɗaya. Matsalar ita ce ba a tuƙa su da gudu ɗaya. Tsohuwar Fijo idan ta kai 120 sitiyari na rawa, gilashi na kaɗawa, iska na shigowa ta ko'ina, jikinka da kansa zai ce maka ya isa. Lexus a 160 shiru take kamar kana zaune a falo, sanyi na busawa, karatu na tashi a hankali. Ta ɓoye maka gudun, amma ba ta rage shi ba.

Ga lissafin da nake sa kowane ɗalibi ya rubuta. A kilomita 100 a awa, mota na cin mita 28 a kowace daƙiƙa. A 160 tana cin mita 44. Tsakanin ka ga saniya ta shigo titi da ƙafarka ta sauka a kan birki, daƙiƙa ɗaya ta tafi ko fiye, kuma a wannan daƙiƙar mai Marsandi da mai Golf duk ɗaya suke, babu injiniyan da ya ƙera wa ɗan Adam sabon ido. Bayan an taka kuma, nisan tsayawa ba ya bin gudu ƙafa da ƙafa: in ka ninka gudu sau biyu, nisan ya ninka sau huɗu. A busasshiyar kwalta da taya mai kyau, motar da ke 50 tana tsayawa cikin kamar mita 14, mai 100 kamar mita 55, mai 150 kuwa sai ta haura mita 120. Birkin mota mai tsada zai rage wani abu daga ciki, ba zai sauya lissafin ba.

Balan-balan kuma na wanda ke ciki ne. Mai tallar rake a Tashar Yari da ɗalibar da ke tsallake titi a ƙofar jami'a ba su da ko ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai tafiya a ƙasa da mota ta buge a 65, haɗarin mutuwarsa ya ninka na wanda aka buge a 50 sau huɗu da rabi. Titinmu kuma ba irin na Jamus ba ne da aka killace aka hana mutum da dabba shiga. Namu kasuwa ce, burtali ne, tasha ce, wani wurin ma shanyar hatsi ce.

Me za a koya wa mutum a wannan ƙarin gwaji wanda direban Corolla bai sani ba?

Da yawa, amma bari in ɗauki waɗanda na ga sun fi cin mutane.

Corolla da Camry da Golf da tayoyin gaba suke ja. Yawancin Marsandi da BMW da tayoyin baya suke turawa. In ka ba mota mai jan gaba wuta da yawa a kwana, hancinta zai buɗe waje, ka ɗaga ƙafa ta dawo. In ka yi wa mai turin baya haka, musamman a kan yashin da ke taruwa a gefen shataletale ko a ruwan farko na damina da ke taso da man da ya kwanta a kwalta, ɗuwawunta ne zai zagayo gaba. Sabon hannu sai ya firgita ya saki totur gaba ɗaya ya danne birki, ya murɗa sitiyari fiye da kima, motar ta dawo ta ɗaya gefen da ƙarfin da ya fi na farko. Wannan dawowar ce ke kai mutum cikin kwata ko jikin falwaya. Ba a koyon maganinta da baki, sai a fili mai faɗi, an jiƙa ƙasa, motar ta juya da kai sau goma har hannunka ya daina jin tsoro. Ƙasar Finland ta daɗe da sa horon tuƙi a kan santsi cikin karatun direbobinta.

Sai birkin ABS, wato na'urar da ke hana tayoyi ƙullewa idan an danne birki da ƙarfi. Mu da muka koya a tsofaffin motoci an ce mana a riƙa famfa birki. A mai ABS dannewa ake yi da ƙarfi a riƙe, ko da feda na karkarwa a ƙarƙashin ƙafa, kana kuma iya kauce wa abu da sitiyari a lokacin. Mutane da dama da sun ji karkarwar sai su ɗaga, su ɗauka wani abu ya karye. Wasu kuma da fitilar ABS ta kama a gaban mota sai su ce wa bakanike ya cire ya mayar da ita manuwal, don sayen sabon famfo da tsada. Mota mai doki 300 da aka zare wa wannan, ingarma ne aka cire wa linzami aka bar shi da igiyar rama. Haka maɓallin da ke kashe na'urar hana santsi: samari sun san inda yake tun kafin su san inda jak yake.

Sai taya, wadda ita kaɗai ce ke taɓa ƙasa. A jikin kowace akwai harafin da ke faɗin iyakar gudun da aka ƙera ta dominsa: T 190, H 210, V 240, W 270. Akwai kuma lambobi huɗu na ranar haihuwarta, misali 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Je ka duba motocin da ke jere a wajen ɗaurin aure ranar Asabar, za ka ga mota ta miliyoyi a kan tayar Balgiyam da ta shekara takwas, wata ma ta ƙanƙara ce da aka ƙera don sanyin Turai. Mai motar bai taɓa sunkuyawa ya karanta ba, don ba wanda ya taɓa nuna masa.

Ina amfanin ƙarin lasin a ƙasar da ake samun na farkon ma ba tare da gwaji ba?

Nan kam ka taɓa ni a inda ke mini ciwo. A takarda tsarin da kyau: ka yi makarantar tuƙi da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta amince da ita, ka karɓi shaidar kammalawa, jami'in VIO, wato mai duba motoci da direbobi, ya gwada ka, ka biya a ofishin haraji na jiha, a ɗauki hotonka da zanen yatsunka. Amma dillalai sun yi wa tsarin ƙofar baya. Wani yaro ya taɓa zuwa wurina da lasin sabo fil a aljihu, yana roƙon in koya masa ribas. Na ce yaushe ka yi gwaji? Ya ce kawunsa ne ya kawo masa daga tafiya.

Muddin haka na faruwa, sabon aji zai zama sabon farashi ne kawai a bakin dillali, kuma wanda ya iya sayen mota mai doki 400 ba kuɗin kati ne zai gagare shi ba. Shi ya sa idan an ce in zaɓi ɗaya tsakanin ƙarin lasin da gwajin gaskiya na lasin farko, ba zan yi dogon tunani ba, gwajin zan ɗauka. Ba a ɗora bene a kan ginin da ba shi da tushe. Abin da ya sa har yanzu nake goyon bayan matakalar shi ne masu neman mataki na biyu ba za su yi yawa ba, ana iya tara su a cibiya ɗaya ko biyu a jiha, a ɗauki gwajin kowa a bidiyo a ajiye.

Ba wata sabuwar hanyar tare mutane a titi ana tatsarsu ba ce?

Za ta zama haka idan aka bar wa mai tsayuwa a bakin hanya ya kalli mota ya yanke da ido cewa wannan mai ƙarfi ce. A rubuta ajin motar a takardunta tun ranar rajista, yadda ake rubuta lambar injin da launi. Kati ya ce kaza, takarda ta ce kaza, babu ciniki. Kuma inda dokar za ta fi cizo shi ne bayan haɗari, a gaban alƙali da kamfanin inshora, a kan direban da kuma wanda ya miƙa masa makulli.

Da gumina na sayi motata. Wannan ba baƙin ciki da mai shi ba ne?

Allah ya sanya albarka, Alhaji, ya ƙaro wata. Ba wanda ya ce kada ka saya. Mai tirela ma da guminsa ya saya, amma sai da ajin G ake jan ta. Motar taka ce, titin na jama'a ne.

Me zai hana a sa wa motocin na'urar taƙaita gudu kawai a huta?

An gwada a kan motocin haya. Tun Fabrairun 2017 Hukumar Kiyaye Haɗurra ta fara tilasta musu saka ta. Duk wanda ya hau bas daga Kwangila zuwa Kano kwanan nan zai faɗa maka ko allurar maleji na tsayawa a 90. Abin da waya ɗaya ke haɗawa, waya ɗaya ke rabawa.

Kamfanoni ma suna yin nasu. Yawancin manyan motocin Jamus an datse su a 250, Volvo ta datse nata a 180 tun 2020, Ford kuma tana da makullin da uba zai saita wa ɗansa iyakar gudu. Amma na'urar tana tsare ƙarshen maleji ne, ba ta tsare tashi. Wanda ya fizgi mota daga 20 zuwa 90 tsakanin Ƙofar Doka da Tudun Wada bai kai inda na'urar za ta yi magana ba, ya kuwa isa ya yi kisa.

Tara da inshora ba za su yi wannan aikin ba?

A Ingila kusan su suke yi. An kasa motoci rukuni 50 na inshora, saurayi ɗan shekara 19 da ya nemi inshorar mota mai ƙarfi za a yanka masa kuɗin da shi da kansa zai haƙura. A nan kuwa inshorar dole ta motar gida, wadda ta tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000 a Janairun 2023, kuɗi ɗaya ce ga mai Picanto da mai G63, ga ɗan shekara 18 da ɗan 60. Tarar wuce iyakar gudu a jadawalin da aka daɗe ana aiki da shi naira 3,000 ce, ba ta sayen galan ɗin fetur. Tuƙin ganganci ne mai 50,000. A Finland da samun mutum ake auna tarar babban gudu, attajiri ya biya ta attajirai. Mu tamu, ga wanda ya cika tankin silinda takwas, kuɗin goro ce.

Wasan mota a wajen biki fa?

Wannan ba ya jiran sabon lasin, laifi ne tun yanzu. Wanda ke jan birkin hannu yana juya mota a tsakiyar yara da 'yan kallo ya san abin da yake yi, iyawa ce ma ta yi masa yawa. Na ga dattawan wata unguwa sun kashe abin ba da ɗan sanda ba: suka ce duk auren da aka yi wasan mota a kai amaryarsa, limami da masu unguwa ba za su halarci sunan farko ba. Samarin da jininsu ke tafasa kuwa, gara a nema musu fili a bayan gari, da shinge da hular kwano da motar asibiti a gefe, su ƙone tayoyinsu can.

Malam, ai ajali ne. Wanda kwanansa ya ƙare ko a kan tabarma zai tafi.

Haka ne, ba mai wuce ranarsa. Amma wanda ya tambayi Manzon Allah (SAW) ko ya saki raƙumarsa ya yi tawakkali, ce masa aka yi ya ɗaure ta sannan ya yi tawakkali. Kuma Alƙur'ani bai bar kisan kuskure haka nan ba, ya ɗora diyya da kaffara, har azumin wata biyu a jere. Da ajali na wanke mai sitiyari, da ba a ɗora masa wannan ba. Sauran bayani na malaman fiƙihu ne, ni na mota na sani.

Da tsadar man nan, wa zai ci gaba da hawan silinda takwas? Matsalar ba za ta kashe kanta ba?

Tun da aka cire tallafi a Mayun 2023 da yawa sun shiga rumfa an lulluɓe su, gaskiya ne. Amma motoci masu lantarki na tafe, kuma su ba sa jiran injin ya ɗau zafi ko giya ta sauya, da ka taɓa suke ba da ƙarfinsu duka, ba ƙara ba hayaƙi. Wata mai kama da motar kai yara makaranta sai ta bar C63 a danja.

Malam, ɗana ya cika 19, ya karɓi lasin, ya matsa sai na ba shi makullin motar babansa. Yaya zan yi?

Hajiya, tunda doka ba ta yi matakalar ba, ki yi ta a gidanki. Ki fara tambayarsa wa ya gwada shi, a ina, da wace mota. In ya yi inda-inda, a mayar da shi makaranta ko da kati na aljihunsa. Shekarar farko ƙaramar motar gidan ce tasa, cikin gari, da rana, ba abokai a baya, domin yaron da ke tuƙa mahaifiyarsa zuwa asibiti da wanda ke tuƙa abokansa uku zuwa Kaduna ba direba ɗaya ba ne ko da sunansu ɗaya. Babbar hanya kuma sai da babba a gefensa, a yi ta da rana, a yi ta da dare, a yi ta cikin ruwa, a yi ta cikin hazon Disamba lokacin da ba a hango gadar Kwangila sai an zo gindinta.

In lokacin babbar motar ya yi, a kai ta wurin bakanike tukuna a tabbatar ABS na aiki kuma ba wata fitila da aka toshe da baƙin salatif, a karanta shekarun tayoyin huɗu har da safaya. Sannan ki turo mini shi da ita da sassafe. Akwai filin da nake kai irinsu a hanyar Jos: in jera galan-galan, in sa shi ya kai 60 ya danne birki iya ƙarfinsa, mu sauka mu auna da ƙafa, sannan ya kai 90 mu sake aunawa. Yawancinsu a awo na biyu suke daina surutu. Makullin safaya kuma ya zauna a jakarki, ba a kan firij ba.